Likkafanin da Ya Riga Ni Zuwa Madina

Ina juya masa a tanda wayar ta yi ƙara. Ni ban iya karanta suna ba, don haka surukata, matar ɗana, ta manna mini hoton kowa a kan lambarsa. Fuskar ɗan ƙanwata na gani, wanda ke Madina. Yaron nan ba ya kira da safe. Na sauke tandar tun kafin in ɗauka.

"Inna," ya ce.

"Faɗi, ina ji."

"Umma ta rasu. Bayan asuba, a asibiti."

Na yi innalillahi, na zauna a kan buhun shinkafa. Ban yi kuka ba, kuka yana da lokacinsa. Abin da na fara tambaya shi ne ko wani ya taɓa ta. Ya ce ba wanda ya taɓa ta, ana ta neman takardun asibiti. In sun fito za a kai ta sharshura, gidan da ake wankan gawa, a yi mata sallah da la'asar a Masallacin Annabi, a kai ta maƙabartar Baƙi'a.

Na ce, "Kada mace ta sa mata hannu. Ina zuwa."

"Inna, daga Makka? Kafin la'asar?"

"Na ce ina zuwa."

Dole in faɗi dalili, don yaran yanzu suna ɗauka taurin kai ne kawai irin na tsofaffi. Ni da ƙanwata muka zo ƙasar nan muna yara, ta ƙasa, ta Sudan, tare da iyayenmu. Uwarmu ba ta ƙaraso ba. Ta rasu a wani fili da ban san sunansa ba har yau, inda ruwan sha ma sai an auna. Ba a wanke ta ba, taimama aka yi mata, aka naɗe ta a zanen da ke jikinta, mai datti yadda yake. Ni na riƙe ƙanwata na rufe mata ido, amma ni na gani. Da muka girma, ta yi aure a Madina ni a Makka, wata shekara ta zo umara muka je kasuwar Misfala muka sayi farin yadi. Muka sa aka yanka wa kowa daidai tsawonta, muka jiƙa da zamzam, muka shanya a saman soro. Ita ta kawo shawarar mu yi musaya: nata ya zauna a wurina, nawa a wurinta.

"Don kada ki ce ba ki samu mota ba, Yaya," ta ce tana dariya. "In ba ki zo ba tsirara za a binne ni, kunya ta kama ki."

Alkawarin ke nan. Wadda ta riga, ɗayar ce za ta wanke ta da hannunta, ta suturta ta. Na wanke matan unguwarmu ta Mansur da ban san adadinsu ba, duk lokacin da nake zuba ruwa a kan wata, nakan ce a raina: koyo nake yi.

Ɗana yana Ɗa'if da motar kamfani, ba zai iso ba. Surukata jego take yi. Na ciro likkafanin daga ƙasan akwati, na haɗa da ganyen magarya da kafur da auduga, na ƙulle a ɗankwali babba. Na ce a samo mini mota a tasha. Surukata ta ce mota ba za ta kai ni ba sai bayan la'asar, ko da direban mahaukaci ne.

"Sai jirgin ƙasa, Umma. Giɗar."

Na san jirgin, ina ganinsa daga nesa in muna wucewa ta Rusaifa, fari, dogo, yana bin ƙasan wayoyin lantarki ba hayaƙi ba ƙara. Ban taɓa shiga ba. Ƙanwata ta shiga, ta zo tana ba ni labari wai ta ajiye kofin shayi bai zube ba har Makka. Na ce mata abin da ba ka jin tafiyarsa ba ka san inda zai kai ka ba. Ranar nan kuwa ban yi musu ba. Na ce a saya.

Ɗana ya sayi tikitin daga can, ya turo cikin wayata. Surukata ta nuna mini wani ɗan murabba'i mai baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda, ta ce shi zan nuna a ƙofa. Ta soke mini wayar da iƙamata, katin zaman ƙasa, a aljihun ciki. Tana gyara mini abaya tana cewa, "Umma, jirgin nan ba ya jira fa. Ba ya jiran kowa."

"Na ji. Ni na taɓa makara?"

Maƙwabcinmu mai tasi ya kai ni. Tashar kamar Harami don girma, ƙasa na sheƙi, sanyi kamar an buɗe firji. Aka wuce da ƙullina ta cikin wata na'ura, na tsaya a bakinta har ya fito, na karɓe abina. Wata matakala mai tafiya da kanta ta ɗauke ni, na riƙe ƙarfe ina karanta abin da na iya. Wani ma'aikaci ya dubi wayar ya kai ni har kujerata, kusa da taga. Kowa da lambarsa, ba a cewa matsa mini. A gefena wata 'yar budurwa ce da abu toshe a kunne, ko gaisuwa. Na dube ta sama da ƙasa, ba ta ma san ina yi ba.

Ban san sanda muka tashi ba. Duwatsun Makka na gani suna ja da baya. Ba jijjiga, ba ƙaurin mai, ba yaron mota yana buga ƙofa. Na rungume ƙullin a cinya, ƙamshin kafur yana fitowa ta ɗankwalin. A raina na ce, to, ƙanwata, ga shi na shiga abin naki.

Ba mu daɗe ba jirgin ya tsaya, aka yi magana da Larabci da Turanci, na tsinci sunan Jidda. Ƙofofi suka buɗe da kansu. Wayar wani mutum a bayana ta kira sallah, azahar ta yi. Maza suka miƙe suna fita, mata ma.

Ni tun ina yarinya nake bin hanyar Madina. Na bi ta a bayan akori-kura, na bi ta a bas mai zubar da ruwa, na bi ta a ƙaramar mota. Ba direban da bai taɓa tsayawa sallah ba. In an kira, a tsaya, kowa ya sauka, ka bar kayanka a mazauninka don a san da mai wuri, in an idar direba ya leƙa ya ce saura wa. Mun taɓa zama a rana ana jiran wani tsoho da ya tsaya lazimi, ba wanda ya ce uffan. Da surukata ta ce ba ya jira, na ɗauka mai makara take nufi, mai tsayawa sayen ruwa. Sallah daban ce. Kuma ni ba na sallah a zaune a kan kujera ƙafata lafiya lau, balle ranar da zan sa hannu a gawar 'yar'uwata. Da alwalata na fito daga gida. Raka'a biyu ce ta matafiyi.

Na ajiye ƙullin a kan kujera, na daidaita shi yadda kowa zai gani. Na fita.

Na tambayi wani mai jan akwati alƙibla, ya nuna da haɓa bai tsaya ba. Na shimfiɗa mayafina kusa da wani ginshiƙi, ƙofar taragona tana gefen idona, na tayar. A raka'a ta biyu na ji wani ƙit-ƙit-ƙit kamar kukan tsako. Ina zaman tahiya na ga farin jikin jirgin yana zamewa. Ba ƙaho. Ba wanda ya leƙo. Taga tana bin taga, sannu, sannan da sauri. Yatsana yana sama, bakina yana karatu, idona yana kallon likkafanin ƙanwata yana tafiya Madina. Ban yanke sallar ba. Ban san ko ƙarfin imani ne ko ƙafafun ne suka ƙi tashi ba. Da na sallame, layin dogo kawai ya rage, yana ƙyalli.

Na bi shi da gudu. Ni, da shekaruna, ba takalmi, ina ɗaga hannu ina cewa a tsaya, da Hausa, da Larabci, har na kai inda dakalin ya ƙare aka sa shinge. Nan na riƙe ƙarfe na yi ihun da ban yi ba da safe.

Wata ma'aikaciya ce ta zo ta kamo ni, mace mai ɗan shekaru, baƙa kamar ni, da rigar aiki a kan abaya. Ta fara da Larabci, tana tambaya me ya faru, ina za ni. Da ta ji abin da nake sambatu sai ta canza harshe.

"Hajja, ke Hausa? Kakata Hausa, a Jarwal. Sannu, sannu. Zauna."

Hausarta duk a karye, kamar wadda aka taka. A wata rana da na gyara mata. Na lura har da jan farcen da ke hannunta, na ce a raina wannan alwalarta sai Allah. Amma hannun nan na riƙe da hannuwana biyu.

"'Yar nan, ki kira direban. Ki ce ya dawo, ko ya tsaya in same shi. Sallah na sauka."

"Ba ya dawo, Hajja. Ba ya tsaya."

"Ba Musulmi ba ne?"

"Musulmi! Amma wani giɗar yana zuwa bayansa, wani yana zuwa gabansa. In ya tsaya, mushkila babba. Masallaci yana sama, nan cikin tasha. Ko ki haɗa da la'asar a Madina, ke matafiya."

"Yanzu kike gaya mini?"

"Yanzu na gan ki, Hajja."

Na gaya mata abin da ke cikin ƙullin. Na ga fuskarta ta sauya. Ta yi magana a cikin abin da ke maƙale a kafaɗarta, aka amsa, ta sake magana, ta dubi wayata don lambar kujera. Ta ce sun gan shi, za a ajiye mini a tashar Madina, a ɗakin kayan da aka manta, ni da kaina zan karɓa da iƙamata. Ta kai ni wurin masu tikiti. Jirgin da ke biye ya cika, ba kujera ko ɗaya. Na ce zan tsaya a tsaye, zan zauna a ƙasa bakin ƙofa, ba na cin wuri. Mutumin ya girgiza kai. Na ce ya dubi furfurata. Ya duba, ya ce wallahi da yana da iko da ya ba ni tasa kujerar, amma ba a shiga sai da mazauni. Na bayansa ne ke da kujera, shi kuma sai la'asar zai isa.

La'asar. Lokacin da za a ɗauke ta.

Na nemo fuskar ɗan ƙanwata a waya na danna. Na ji hayaniyar maza a bayansa.

"Inna, kin kusa? Takardu sun fito, muna sharshura."

"Ina Jidda."

"Jidda kuma? Me kike yi a Jidda?"

"Sallah na yi. Jirgi ya tafi."

Na ji ya ja numfashi irin na wanda ke danne magana.

"Ku bari sai magariba," na ce.

"Inna, baffannina suna nan. Sun ce ba a ajiye gawa, gaggawa ita ce sunna. Matan wankan ma suna nan, aikinsu ke nan, sun iya."

"Sun san ta? Sun san ba ta son ruwan sanyi a ƙeya? Kai, ni na yanke maka cibiya. Ni na wanke kashinka sanda uwarka ke kwance. Ka ba ni babban cikinsu."

Ya miƙa wa yayan ubansa. Mutumin a Madina aka haife shi, Hausarsa ta gaisuwa ce. Ya yi mini ta'aziyya da Larabci mai kyau, ya ce Hajja, mamaci ba ya jin hannun wa ya wanke shi, kuma likkafani duk fari ne. Ni ban taɓa roƙon namiji ba, ko mijina Allah ya jiƙansa bai ga wannan ba. A tsakiyar tashar Jidda, mutane na wucewa da akwatuna, na durƙusa da waya a kunne kamar yana gabana. Na ce masa uwarmu a zanen datti aka rufe ta. Na ce ni kaɗai na rage da na gani. Na ce ya yi wa Allah, ya yi wa Annabin da yake maƙwabtaka da shi, ya ba ni tsakanin salla biyu kawai. Larabcina na kasuwa ne, ban san me ya fita daidai ba.

Na ji suna magana a tsakaninsu. Sai muryar ɗan ƙanwata ta dawo.

"Magariba, Inna. Amma in lokacin wanka ya yi ba ki iso ba, za su fara. Ba zan iya hana su sau biyu ba."

Ma'aikaciyar ta ɗaga ni. Ta samo mini ruwa, ta koma ƙarshen dakali ta ɗauko mini takalmana da mayafi. Da jirgin ya zo ita ta kai ni har kujera, ta ɗaga yatsa mai jan farcen a gaban hancina.

"Hajja, ba sauka. Ko an kira salla goma. Sai Madina."

"Na ji. Ke kuma ki goge wannan abin kafin la'asar."

Ta yi dariya. "Lalle ne, Hajja, ba fenti ba." Na duba da kyau, lalle ne.

Wannan tafiyar ita ce mafi tsawo a rayuwata, ko da yake sun ce ba a taɓa zuwa Madina da sauri haka ba. Hannuwana a cinya ba komai, ban san inda zan ajiye su ba. Akwai wani allo a sama da lambobi ke ta canzawa, mutumin gefena ya ce gudun jirgin yake nunawa, yana ta murmushi yana ɗaukar hoto. Ni ban ga gudu ba. A mota in direba ya taka kana ji a bayanka, kana iya cewa malam ƙara wuta, gawa ke jira. Nan ba wanda zan gaya wa. Hamada tana wucewa shiru, turakun lantarki suna wucewa, ni ina zaune cikin sanyi kamar a ɗakin jiran likita. Na sa ƙafa ina danna ƙasa, sai da na ga mutumin yana kallona na daina. Muka tsaya a wata tasha a hanya, ƙofa ta buɗe, na riƙe hannun kujera gam kamar wani zai fizge ni. Rana nake kallo ta taga. Tana sauka, ina ji kamar daga jikina ake zare ta.

Na yi ta yi wa ƙanwata magana a zuci. Na ce ki yi haƙuri, kin san ni. Na ji kamar tana cewa, Yaya, ke da aka ce miki ba ya jira.

Ana kiran la'asar muka shiga Madina. Matar ɗan ƙanwata tana jirana a bakin fita, makullin mota a hannu, ido jajir. Na ce ɗakin kayan mantuwa tukuna. Muka tambaya, aka nuna, muka sake tambaya. Da muka isa ƙofar a rufe take. Ta gilashi na hango ƙullina a kan kanta, da wata takarda manne a jiki, ɗankwalina mai ruwan ƙasa, ko taku biyar babu tsakaninmu. Wani mai gadi ya ce mai makullin ya tafi sallah, yanzu zai dawo.

Ya tafi sallah. Me zan ce?

Na dafa gilashin. Wayar yarinyar ta yi ƙara, mijinta ne. Ta saurara ta ce, "Inna, ya ce an kawo wata gawar tana jiran ɗakin. In ba mu taso yanzu ba matan za su fara da Umma, don motar Harami ba ta jira."

"Ki ce minti kaɗan."

"Ya ce ba minti, Inna. Da nisa, ga cunkoso."

Na dubi hanyar da mai makulli zai ɓullo. Ba kowa. Na dubi ƙullin. Na buga ƙofar da tafin hannu har mai gadin ya ce haba Hajja. In na tsaya, za ta samu yadinta amma baƙin hannu ne zai wanke ta. In na tafi, zan wanke ta a naɗe ta a yadin da ba ta taɓa gani ba. Rabin alkawari ta kowace hanya. Ban san sanda na ce mu tafi ba. Na juya wa gilashin baya, ban waiga ba, don in na waiga ba zan tafi ba.

Muna cikin mota, ta ƙetare danja ta farko, sai abin ya faɗo mini. Na damƙi hannunta har motar ta karkace.

"Gidan uwar mijinki a kan hanya yake?"

"Kusan haka. Inna, ba lokaci."

"Ki sauke ni a sharshura ki wuce. Ƙarƙashin gadonta akwai akwatin ƙarfe kore. Ki ɗaga zannuwan, a can ƙasa akwai farin yadi a cikin leda. Ki kawo."

"Na waye?"

"Nawa ne."

Ta dube ni, ta mai da ido kan titi.

Na tarar da matan wankan sun sa safar hannu, ɗaya ta riga ta buɗe famfo. Na ce su dakata. Babbarsu ta dube ni, tsohuwa a birkice, abaya duk ƙura. Ta ce ni ce 'yar'uwar da ake jira? Na ce ni ce. Ta matsa gefe ta miƙo mini safa. Suna da magarya, suna da kafur, komai a jere. Na sa hannu a ruwan na ce a ƙara na zafi.

Abin da ya gudana a ɗakin nan tsakanina da ita ne, ba a faɗa. Sai dai na fara da dama, na tsefe mata kitson da kaina na raba gashin uku, kuma ruwan sanyi bai taɓa ƙeyarta ba. Ta rame fiye da yadda ake gaya mini a waya. Matan suna taya ni juyawa, ba su yi mini gaggawa ba, ni ma ban ɓata musu lokaci ba.

Muna tsane ta yarinyar ta shigo da leda tana haki. Na warware yadin, ya ɗan yi ja a bakin ninki, ƙamshin akwatinta duk ya kama shi. Ni doguwa ce, ita gajera. Ya yi mata yawa sama da ƙasa. Babbar matan ta ɗauko almakashi, na ce a'a, a ninke. Na ninke rarar a kan ƙafafunta na ɗaure. Na ce mata a kunne, yadi ɗaya ne, rana ɗaya muka jiƙa, kada ki yi mini ƙorafi.

Aka yi mata sallah da magariba. Mata ba sa shiga Baƙi'a, na tsaya a bakin shinge ina kallon kafaɗun maza har na daina gane wace makara ce tata. A nan na rama la'asar ɗina, a nan kuma na yi kukana.

Bayan kwana uku ɗan ƙanwata ya kai ni tasha. Mai makullin yana nan, dattijo mai fara'a. Ya dubi iƙamata, ya ba ni ƙullin, ya ce an gaya masa wata Hajja ta kusa fasa masa ƙofa. Na ce ni ce, Allah ya karɓi sallarsa. A jirgi na koma Makka, ƙullin a cinyata. An tsaya a Jidda, ban ko dubi ƙofar ba. Har yau dai ina nan a kan bakana: abin hawa da zai bar mutum a kan tahiya, akwai abin da ya rage a ƙirarsa. Ɗana ya ce Umma ai ba haka ake yi ba. Na ce na san yadda ake yi yanzu, ba sai ya koya mini ba.

Da na huta, wata safiya na rufe ɗaki na shimfiɗa likkafanin ƙanwata a ƙasa, na kwanta a kai. Daga idon sawu zuwa ƙasa duk a waje. Surukata ta turo ƙofa da jariri a kafaɗa, ta gan ni a miƙe a kan farin yadi, ta saki salati.

"Umma! Mene ne haka?"

"Awo nake yi. Bai kai ba."

"To a sayo wani mana, ga Misfala nan."

"Wannan za a sa mini. Ƙyalle za ki ƙara daga ƙasa, in nuna miki yadda ake yi ba ɗinki."

"Ni?"

"Wa kike gani ya rage?"

Ta tsaya tana jijjiga yaron, idonta ya cika. Ta ce ita ba ta taɓa ganin gawa ba, tsoro take ji. Na ce ni ma da tsoron na fara. Na ce ta kwantar da shi ta ɗebo ruwa a buta, mai ɗumi, ta zo in nuna mata ta inda ake farawa tun ina iya gyara mata hannu.